Yadda Za Ki Yi Sitikar da Za Ta Kori Masu Sayen Gabunki

'Yar'uwa, in kina da sana'a mai kyau, kuma kin gaji da yadda mutane ke damunki da saye, kin zo inda ya dace. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi miki alkawari, cikin mako guda ko ƙuda ba zai sauka a kan kayanki ba. Ba sai kin cika gishiri ba, ba sai kin zagi kowa ba. 'Yar takardar nan da ake liƙawa a jikin roba, ita kaɗai za ta gama miki aikin.

Kada ki ce wace ce ni da zan koya miki. Sunana Wasila, daga Malbaza. Aji huɗu na yi a lakwal na tsaya, kuma in mutum uku suka kalle ni lokaci guda, muryata guduwa take yi ta bar ni tsaye. Amma a wannan fanni ni gwana ce, don da hannuna na gwada, a kan gabun mahaifiyata.

Inna A'i ta shekara ashirin tana yin gabu. Ta yanka albasa, ta shanya, ta soya, ta daka, har in ta buɗe tukunya maƙwabta su fara tambayar miyar gidan wa ke ƙamshi. Ta shekara ashirin kuma tana ɗora tire a ka, tana bin motoci a bakin titi cikin rana, har gwiwoyinta suka fara ƙara kamar tsohon ƙyaure. Bana, a wani taron suna, Hajiya Saratu mai babban butik a Konni ta sha miyar, ta sa aka kira mata Inna. Ta ce ta ba mu kanta guda a butik ɗinta: roba arba'in, Laraba biyu, wato ranar kasuwa biyu. In kaya suka tafi, wurin ya zama namu, Inna ta ajiye tire. In ba su tafi ba, gwangwanayen tumatir su koma inda suke.

Sharaɗinta guda ne. Ta ce, "A sa musu takarda kamar kayan kanti. Da suna, da lamba, da ranar da anka yi."

Kin ga dama irin wannan, ba kowa ke iya ɓata ta ba. Sai an bi tsari.

1. Ki bar bakinki a gida

Ke kika san kayan. Ke kika yanka albasar har idonki ya yi ja. Saboda haka ke ce ta ƙarshe da ya kamata a ji ta bakinta.

Ki nemi babba a dangi wanda bai taɓa leƙa madafa ba, ki sa shi gaba. Ni Allah ya ba ni Kawu Sallau, ƙanen Inna, direban babbar motar albasa. Ya je Kwatano, ya je Akara, ya ga allunan duniya duka ta gilashin mota yana gudu. Shi ya ɗauko ni da robobin zuwa Konni, kuma tun daga Malbaza har muka wuce Tsarnawa yake karanta mini ilimin talla.

"Ɗiyata, ke dai ki yi kurum. Talla ido ce. In mutum ya gani bai ce 'kai!' ba, to ba a yi komi ba."

Na ce, "To."

Ki riƙe kalmar nan da kyau. Da ita za ki gina aikin duka.

In kin yi wani zane a gida, irin wanda na yi a bayan tsohon littafin ƙanwata, albasa guda da kalmar GABU a ƙasanta, ki ninke shi huɗu ki ɗaure a bakin mayafi. Kada ki fito da shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle babban da ke zaune a kan motar taya goma.

2. Ki zaɓi mai bugawa ta bangon shagonsa

Kafin ki zauna, ki dubi bango. In kin ga aikin masu sabulu, masu yaji, masu man gyaɗa, ki fita da sauri. Wannan ya san aikinsa, zai ɓata miki shiri.

Ki nemi shago irin na Malam Sharifu. Bangonsa daga sama har ƙasa amare ne. Kin san dai yadda ake yi a biki: a raba bokiti, a raba kofi, a raba 'yar roba, kowanne da sitika mai hoton amarya, kyauta ga duk wadda ta zo. To Sharifu ke buga na rabin Konni. Ba mugu ba ne, hannunsa ne ya saba. An ce wani mai faci ya taɓa zuwa a yi masa allo, ya fita da tantabaru biyu suna sumbatar juna a kan taya.

Kawu ya tambaye shi, "Malam Sharifu, ka taɓa yin na kayan miya?"

"Alhaji, ai duk takarda ce. Ina da tsari ya fi ɗari."

Kawu bai taɓa zuwa Makka ba, amma tunda aka ce masa Alhaji, ciniki ya ƙare. Sharifu ya buɗe kwamfuta, ya ɗauko sitikar wata amarya Rahama, ya cire Rahama, ya bar sauran. Ya ce yanzu sai cikewa.

3. Ki sa hoto, amma ba na abin da kike sayarwa ba

Nan ne zuciyar aikin, ki natsu.

Sharifu ya ce, "Hoton mi za mu sa?"

Na ce, "Albasa." Amma fanka na juyawa, ita ta ɗauke maganar ta kai ta bayan shago. Kawu ne kaɗai ya tsinci ƙarshenta.

"Albasa? A ƙasar Galmi za ki nuna ma mutane albasa? Wa bai san albasa ba? Mutum aka saye, ɗiyata, ba kaya ba."

Da farko nasa hoton ya so a sa. Allah ya taimake mu, wanda ke gare shi na katin ɗan ƙasa ne, inda ya fito kamar wanda jandarma ke nema. Sai ya shiga laluben salularsa, ya ci karo da nawa, wanda aka ɗauka ranar bikin 'yarsa Zara. Ga lalle har gwiwar hannu, ga ɗaurin kallabi, ga mayafi mai ƙyalli, ga ni na sunkuyar da kai don mai hoto ya ce in kalle shi.

"Yawwa! Wanga shi ne!"

Hoton ƙarami ne, kuma ya yi hazo. Kada wannan ya dame ki. Mai kwamfuta zai kama gefe da gefe ya ja har ya cika wurin. Ni da aka gama jan nawa, na yi kumatu irin na amaryar da aka yi wata guda ana ɗura wa fura da nono.

Kunya ta hana ni kallon allon kwamfutar. Wannan ma dabara ce. Abin da ba ki kalla ba, ba za ki gyara ba.

4. Launi kyauta ne, ki kwasa

Masu rowa launi biyu suke sawa. Ke kada ki zama marowaciya.

Kawu ya zaɓi ja, don motarsa ja ce. Sharifu ya zaɓi ruwan zinari, don duk amarensa da shi suke fita. Wani tela da ya shigo neman cajin salula ya ce kore na da albarka, aka sa kore. Bayan takardar kuwa dama shuɗi ne mai duhu tun zamanin Rahama.

Babban sirri shi ne ki ɗora jan rubutu a kan shuɗi mai duhu. Mai karatu zai matso, ya ja baya, ya murza ido, ya zaci ciwon ido ke damunsa, ya tafi asibiti. Kin rabu da shi lafiya.

Haka rubutun ma, kada ya zama iri ɗaya. Kowane layi da nasa salon. Ki fi ba da ƙarfi ga mai lanƙwashe-lanƙwashen nan kamar yaɗon kabewa, wanda ko madam ɗin da ta koya mini baƙi sai ta juya takardar sau biyu kafin ta gane ina ne sama.

5. Kada ki bar wa ido wurin hutawa

Sharifu ya ɗan ja baya ya duba, ya ce kamar ya isa. Kawu ya nuna wani lungu da yatsa.

"Can fa? Takardar duka munka biya, ba rabi ba."

Ki koyi wannan. Farin fili asara ne, kamar gonar da aka bari ba shuka.

Aka sa lambar Kawu ta nan gida. Aka sa ta Najeriya, wadda yake kunnawa in ya tsallaka iyaka. Aka sa wata ta uku da ta mutu tun bara, don ya ce mutane sun fi saninta. Ta Inna, mai gabun, ba ta samu wuri ba. Aka sa godiya ga limamin unguwarmu, da shugaban tashar motoci, da dukan 'yan'uwa da abokan arziki. Furannin Rahama suna nan, tantabarunta suna nan, zobba biyu suna nan. Addu'ar da ke sama, "Allah ya ba da zaman lafiya", Kawu ya ce a bar ta, wa ke ƙin zaman lafiya?

Ranar da aka yi gabun, wadda Hajiya ta ce a rubuta, Sharifu ya sa ta inda ya saba sa rana: ƙarƙashin hoto, da ruwan zinari.

Da aka zo ƙarshe sai aka tuna ba a rubuta GABU ba. Aka nema masa wuri, aka samu kusa da fiffiken tantabara ta hagu. Girmansa kamar tururuwa huɗu sun jeru za su tafi kasuwa.

Sannan ki bar mai bugawa ya sa sunansa. Haƙƙinsa ne. Sharifu kuwa ba ya wasa da haƙƙinsa: ya sa nasa a ƙasa, manya-manya, da lambarsa, da farin rubutu, wanda shi kaɗai ake iya karantawa a takardar.

Yanzu ki tsaya nesa ki duba abin da muka haifa. A sama WASILA. A tsakiya yarinya da lalle ta sunkuyar da kai. Ƙasanta rana da wata. A ƙarshe SHARIFU.

Kawu ya ce, "Kai!"

Kin tuna shi ya ce in ba a ce "kai" ba, ba a yi komi ba.

6. Kada ki gwada guda, ki buga tuli

Mai tsoro shi ke buga guda ɗaya, ya liƙa a roba, ya kai gida a duba. Ke jaruma ce. Roba arba'in gare mu, Kawu ya sa aka buga ɗari biyar, don ya ce sana'ar nan har Abijan za ta kai.

Kada kuma ki auna robar. Tamu sitikar ta zagaye robar duka har ta hau kan kanta, ta rufe ko'ina. Robar fara ce tas, da ana hango gabun a ciki, ja-ja, mai maiƙo, irin wanda ke sa mace ta haɗiye miyau. Mun rufe shi ruf, kamar an yi masa lulluɓi.

Abu mafi muhimmanci: kada mai kayan ta gani. A bayan motar Kawu muka liƙa, nan Konni, Inna na Malbaza tana shanya. Hajiya kuma ta tafi gaisuwa Illela, ƙanwarta ce ta karɓa ta jera. Ta dube ni, ta dubi robar, ta yi murmushi ta ce Allah ya sanya alheri. Na ce amin. Na zaci kasuwa take nufi.

7. Ranar kasuwa, ki laɓe ki ga amfanin gonarki

Laraba ta farko na zo da sassafe, na samu wuri bayan buhunan shinkafa, inda nake ganin kantar ba a ganina.

Mace ta farko ta ɗauki roba, ta kai ta kusa da ido.

"A'a! Sharifu ya yi aure? Ɗan banza, shi da ya buga na ɗiyata, bai ko gaya muna ba!"

Ta jefa robar a jaka ta kama hanya. Hajiya ta ce, "Baiwar Allah, ba ki biya ba."

"In biya mi? Ba na rabo ba ne?"

Ta biyu ba ta ɗauka ba. Ta tsaya ta riƙe haɓa, ta dubi jerin robobin, ta dubi Hajiya daga sama har ƙasa.

"Haba Hajiya Saratu. Duk arzikin ga da Allah ya ba ki, kayan rabon biki kinka koma sayarwa? In abin ya matse, ki faɗa muna mana, mu 'yan'uwa ne."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza launi da sauri haka ba, ko a kwamfutar Sharifu. Hajiya ta ɗauki roba guda, karo na farko ta duba da kyau. Tana cikin dubawa wata tsohuwa ta zagayo neman shinkafa, ta gan ni a tsugune, ta dubi robobin, ta sake dubana. Sai ta rangaɗa guɗa.

'Yar'uwa, in ba a taɓa yi miki guɗa a tsakiyar butik ranar kasuwa ba, ba ki san nauyin ƙafafunki ba. Mata suka taru. Wata na cewa amarya ta rame, a hoto ta fi kumatu. Wata na cewa ango ya yi dace, ga kunya. Na nemi muryata in ce gabu ne, ashe tuni ta hau mota ta koma Malbaza.

Har la'asar ba a sayi ko guda ba. Biyu sun tafi kyauta. Hajiya ta kira ni, ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi zagi ciwo.

"Yarinya, ni mutuncina nika sayarwa kafin kaya. Ki gaya ma kawunki ya zo ya kwashe."

Na ce, "To."

Kin gani? Rana guda. Na ce miki mako, ashe ma na yi miki rowar alkawari.

8. Ki bar labari ya riga ki isa gida

Kada ki gaya wa kowa. Sitika mai kyau da ƙafarta take tafiya.

Ɗaya daga robobin da suka tafi kyauta ta kwana Badaguishiri. Ranar Juma'a da hantsi, muna tsakar gida, sai ga Gwaggo Tsahara, yayar Babana, da sabuwar kwalla ta gudummawar biki a ka, da robar a hannu. Ko sallama ba ta gama ba.

"A'i! Ni kunka maida bare? Ɗiyar ƙanena, ni na yi miki wankan jegonta, a ɗaura mata aure in gani jikin roba? Wane ne Sharifu? Ɗan gidan wa?"

Inna ta karɓi robar. Ni ce 'yar farinta, ba ta faɗin sunana, sai ta ce, "Ke wagga, zo nan. Mi ne wanga?"

"Gabunki ne, Inna."

Gwaggo ta fizge ta buɗe murfin, ta shaƙa. Ta leƙa ciki. Ta sake shaƙa. Sannan ta zauna a kan turmi tana dariya har kwallar ta faɗo.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta karɓi robar, ta riƙe ta nesa da ido, ta juya ta, ta sake juyawa.

"Ina anka ce gabu?"

Na sa farce na nuna mata kusa da fiffiken tantabara.

"Ni ban yi lakwal ba," ta ce. "Rabin matan da ka sayen gabuna ba su yi ba. In na shiga kanti na ga wanga, mi zan ce shina ciki? Man shafawa?"

Sai na gaya mata abin da Hajiya ta ce. Ba ta yi faɗa ba. Ta dafa gwiwa ta tashi, ta shiga ɗaki, ta ɗauko tiren da ta rataye tun ranar da aka yi mana alkawarin kanta. Ta zauna ta fara goge shi da bakin zane, a hankali, kamar wadda ke lallashin tsohuwar ƙawa.

In kin kai nan, kin ci jarrabawa. Ki tsaya haka. Kada ki kalli mahaifiyarki tana goge tire. Ni na kalla, kuma daga nan ne komai ya lalace mini.

9. Hatsarin da ya kamata ki kiyaye

Abin da ya biyo baya kuskurena ne. Ina faɗa ne don ki guje masa.

Ranar Asabar na hau motar Konni ni kaɗai, ba Kawu. Tun daga Malbaza nake maimaita magana guda a zuciya, har mai karɓar kuɗin mota ya zaci wuridi nake yi. Na shiga butik. Mutum biyar ne a ciki, duk suka juyo. Muryata ta ɗaga ƙafa za ta gudu, na take mata zane.

"Hajiya, Laraba biyu kinka ce."

Hajiya ta sauke tabarau.

"Ikon Allah. Ashe amarya na magana?"

"Guda ta wuce. Saura guda."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Gaskiyarki. Amma in na sake ganin tantabara a kantata, da ke da ita zan soya."

Daga nan na wuce wurin Sharifu. Na same shi ya kashe salula, ya yi tagumi. Kwana uku ana kiransa ana yi masa Allah ya sanya alheri, har mahaifiyarsa ta daina yi masa magana. Na kwance bakin mayafi, na shimfiɗa masa takardata mai ninki huɗu.

Ya duba. "Malama, wanga tulu ne?"

"Albasa ce. Ka bar wurinta fari, ni zan sa. Ka rubuta GABU da baƙi, babba. Ƙasa ka sa na Inna A'i, Malbaza. Lamba guda, tata. Rana kuma a baya, ƙarama."

"Fili ya yi yawa fa. Ko 'yar fure guda a kusurwa?"

"A'a."

Ki yi hattara da kalmar nan. Ta fi "to" nauyi a baki, amma in ta fita sau ɗaya, sai ta riƙa fita da kanta.

"Sunana fa?"

"Malam Sharifu, sunanka bai ishe ka ba a makon nan?"

Ya buga guda ɗaya, ƙarama, muka liƙa a roba muka ga gabun na leƙowa sama da ƙasa, sannan ya buga sauran.

Na kwaso robobin na kai gida. Gwaggo ba ta tafi ba, ta ce sai ta ga ƙarshen auren. Muka jiƙa su a ruwa muna ɓare amare, ita tana yi musu waƙar rakiya ɗaya bayan ɗaya. Albasar kuwa, na tuna yadda rabin albasa ke barin zobe-zobe in an kifa shi a kan tire. Na samo galura wurin maƙwabciyarmu mai saƙar tabarma, na dama, na raba albasar Galmi biyu, na tsoma, na danna a farin filin. Ta fito da zobbanta duka, har da ɗan wutsiyar.

Sai gwaji mafi haɗari. Na ɗora roba guda a kan katanga, na kai Inna da Gwaggo bakin zaure, taku ashirin.

"Gwaggo, mi kinka gani?"

"Albasa. Ta Galmi ma."

"Mi ke ciki?"

"Gabu mana, makauniya kinka ɗauke ni? Ga shi nan ina gani."

Kin ga ɓarnar. Hoto guda, na abin da ke ciki. Kalma guda babba. Launi biyu a kan fari. Lambar da in an kira za a ɗauka. Da kuma tsohuwar da ba ta karatu, a tsaye nesa, ta gane cikin ƙiftawar ido. In kin haɗa waɗannan, babu malamin da zai iya kore miki masu saye.

10. In duk da haka kasuwa ta kama ki, ki haƙura

Laraba ta biyu ban laɓe ba, don Hajiya ta sa an matsar da buhunan shinkafar. Na tsaya a fili kamar mutum.

Mace ta farko tun daga ƙofa ta ce, "A'a, gabu a roba?" Ta buɗe, ta shaƙa, ta ɗauki biyu. Wadda ta yi wa Hajiya gorin kayan rabo ta ɗauki uku, ba ta ko gane robobin ba ne. Wajen azahar sai ga wadda ta tafi da na kyauta, da robar a hannu, wayam, har yanzu ina jikinta da kumatuna.

"Hajiya, abin da anka raba a bikin Sharifu, ina aka samunshi? Maigidana ya ce in ba shi a miya, kada in kai mishi tuwo."

Hajiya ta nuna mata jerin robobin. Matar ta biya, ta juyo ta gan ni, ta ce, "Amarya, ya gida? Ya angon?"

Na ce, "Shina lahiya." Ban ga amfanin ɓata wa mai saye rai ba.

Kafin la'asar, kantar ta koma fili, irin filin da Kawu ba ya so. Hajiya ta shafa ta da hannu, ta ce, "Ki gaya ma A'i ta aje tire. Mako mai zuwa sittin nika so."

Na isa gida na faɗa. Inna ta tashi. Ta ɗauki tiren, ta kai shi rana, ta baza yankakkiyar albasa a kai, ta jawo tabarma gindin bishiyar bedi, ta miƙe ƙafafunta biyu. Da sauran rana, ranar kasuwa. Ban taɓa gani ba tunda aka haife ni.

Wanke hannu

Duk wadda ta bi matakan nan, ita da Allah. In aka yi miki guɗa a butik, ba ni ba ce. In gwaggonki ta zo da kwalla ta ƙi komawa da ita, ta ce a ajiye, ai rana na zuwa, ki nemi wurin ajiya da kanki, tawa tana ƙarƙashin gado. In mai bugawa ya ga inuwarki ya tsallaka titi, ku sasanta tsakaninku. In kuma kika karya doka ta tara, kasuwa ta yi miki yawa har hannunki ya yi shuɗi da galura, kada ki zo mini da kuka, na gargaɗe ki.

Abu guda nake roƙo. Sauran sitika ɗari huɗu da sittin ɗin nan, Kawu Sallau ya ce ba za a yi asararsu ba, ya liƙe bayan motarsa da su tun daga sama har lamba. In kin ga jar motar albasa a hanyar Tawa ko ta Kwatano, cike da amarya mai kumatu ta sunkuyar da kai, don Allah kada ki yi guɗa. Ki tsayar da direban ki tambaye shi gabu. Zai ce miki dabararsa ce. Ki ce masa to.